Shafina yana da kyau a kwamfuta amma yana lalacewa a wayoyin masu karatu: da me zan gano matsalar?

Tambaya: Ina da shafin da nake wallafa rubuce-rubuce da Hausa, na gina shi da WordPress. A kwamfutata komai yana fita daidai a Chrome, amma masu karatu suna ta ƙorafi cewa a wayoyinsu shafin yana daɗewa bai buɗe ba. Wasu sun ce maɓallin da ke buɗe jerin batutuwa ba ya aiki, wasu kuma sun ce haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fito musu a matsayin akwatuna ko wasu baƙin alamomi. Na gwada PageSpeed Insights, kayan aikin Google na auna saurin shafi, ya ba ni maki 41 cikin 100. Waɗanne kayan aiki na intanet ya kamata in yi amfani da su, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ƙorafe-ƙorafen nan uku da ka kawo kowanne da tushensa, kuma kowanne da abin da ake bincikarsa da shi, amma akwai abu guda da ya haɗa su. Ka gina shafin ne kana kallonsa ta kwamfuta mai ƙarfi da sabon Chrome, alhali masu karanta Hausa a intanet galibi suna zuwa ne ta wayar Android mai sauƙin kuɗi, da datar da ake lissafinta, a kan sabis ɗin da ke hawa yana sauka. Duk kayan gwajin da za ka buɗe a intanet akwai irin mai karatun da aka ƙaddara masa tun wajen ƙera shi, kuma sau da yawa wannan mai karatun ba naka ba ne. Saboda haka kafin in ambaci sunan kowane kayan aiki, ya kamata ka san da me mutanenka suke buɗe shafin.

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke zana shafi a cikinsu manya guda uku ne kawai. Akwai Blink, wanda Google ya tsago daga WebKit a 2013, shi ne a cikin Chrome da Samsung Internet da Brave da Opera na kwamfuta, kuma tun watan Janairun 2020 shi ne a cikin Edge na Microsoft. Akwai WebKit na Apple da ke cikin Safari, sai Gecko na Mozilla da ke cikin Firefox. Internet Explorer 11, wanda ya daɗe yana wahalar da masu gina shafuka, an yi masa ritaya a ranar 15 ga Yuni 2022, don haka ka cire shi daga lissafinka. Idan mutum ya tsaya a nan sai ya ɗauka an huta, tunda duk wayoyin Android kusan injin Blink ɗaya suke amfani da shi. Sai dai akwai burauza guda da ba ta bin wannan tsarin, kuma ita ce ta fi shafar mu a wannan yankin.

Ina nufin Opera Mini. Tun fitowarta a 2005 an gina ta ne don rage cin data, kuma yadda take yin hakan a yanayinta na tsimin data mafi tsanani ya sha bamban da na manyan burauzojin da na ambata. Idan mai karatu ya latsa adireshin shafinka, ba wayarsa ce ke ɗauko shafin ba. Sabar kamfanin Opera ce, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, ke ɗaukowa, ta zana shi da tsohon injinsu mai suna Presto, ta gudanar da JavaScript ɗin da ke ciki, wato lambar da ke sa shafi motsi da amsa latsawa, na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, sannan ta matse sakamakon ta aiko wa wayar da shi a wani tsari nasu da ake kira OBML. Abin da ya iso wayar ya riga ya daskare. Duk abin da ke buƙatar JavaScript ya ci gaba da aiki bayan shafi ya buɗe, kamar jerin batutuwa mai zamewa daga gefe, ko hotunan da ba sa fitowa sai an gangaro wurinsu, ko dai ya ƙi aiki gaba ɗaya, ko kuma kowace latsawa ta koma sabar Opera ta dawo kamar an sake buɗe shafin. Haka kuma a wannan yanayin ba a ɗauko salon haruffan da ka ɗora wa shafinka, ana amfani ne da wanda ke cikin wayar. Wannan yana da muhimmanci ga maɓallinka, domin ƙirar shafuka da yawa na WordPress suna zana layuka ukun nan na maɓallin jerin batutuwa ne da salon haruffa na alamomi irin su Font Awesome, kuma idan ba a ɗauko shi ba, mai karatu ba zai ga komai a wurin ba sai fili ko akwati. Ina kyautata zaton masu cewa maɓallin ba ya aiki, kaso mai yawa daga cikinsu nan matsalarsu take.

Hanya ta biyu da mutane ke shigowa ba tare da ka lura ba ita ce burauzar cikin manhaja. Wanda ya latsa adireshinka a cikin Facebook, yawanci shafin yana buɗewa ne a cikin Facebook ɗin, ta wani ɓangare mai suna WebView, kuma a tsohuwar wayar da ba a sabunta manhajojinta saboda tsimin data, wannan ɓangaren kan iya zama ya tsufa da shekaru. Don sanin rabon kowanne a cikin masu karatunka, duba rahoton burauza da na'urori a Google Analytics idan ka saka shi, sannan ka kwatanta da AWStats da ke cikin cPanel, wato allon sarrafa shafi na yawancin kamfanonin ajiye shafi, saboda shi AWStats daga rajistar sabar yake ƙirga baƙi, ba ya jiran JavaScript ya yi aiki a wayar kowa. Idan shafin sabo ne bai tara baƙi ba, StatCounter Global Stats yana ba da rabon burauzoji ƙasa-ƙasa kyauta, sai ka zaɓi Najeriya ko Nijar ko Gana, ka zaɓi waya.

Da zarar ka san burauzojin, kayan aikin da za ka riƙa komawa gare shi kullum shi ne Can I use, a caniuse.com, wanda Alexis Deveria ya ƙirƙira. Kana rubuta sunan wata fasaha ta CSS ko HTML ko JavaScript, sai ya nuna maka jadawali mai kore da ja na burauzojin da suka san ta da waɗanda ba su sani ba, har da sashe na musamman na Opera Mini. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kason da yake nunawa a sama na duniya ne baki ɗaya, amma a cikin saitunansa ana iya shigo da alƙaluman ƙasa guda, kuma idan ka shigo da na Najeriya sau da yawa za ka ga lambar ta sauka. Shafin MDN na Mozilla ma yana da irin wannan jadawalin a ƙasan bayanin kowace fasaha, kuma a wajen bayani na fi amincewa da shi a kan kowane shafin koyarwa. A shekarun nan za ka riƙa ganin tambarin Baseline a waɗannan shafuka, tsarin da aka fito da shi a 2023, wanda ke cewa fasaha ta wadata ko'ina idan ta yi wata 30 tana aiki a manyan burauzoji. Yana da amfani, amma ka san cewa burauzojin da yake dubawa su ne Chrome da Edge da Firefox da Safari kawai. Babu Opera Mini a cikin lissafin, babu Samsung Internet. Tambarin kore na Baseline bai yi maka alƙawarin komai ba game da mai karatunka da ke Funtuwa ko Maraɗi da Opera Mini a hannunsa.

Maganin matsalar maɓallin ba ya buƙatar ka jefar da ƙirar shafinka. Ƙa'idar ita ce rubutu da adiresoshin shiga sassan shafi su iso cikin HTML zalla, wato ainihin lambar da ke ɗauke da rubutun shafi, ado da motsi su hau daga baya ga wanda burauzarsa za ta iya. Gwajin yana da sauƙi: a Chrome na kwamfuta ka danna F12 don buɗe DevTools, kayan binciken shafi da ke cikin Chrome, ka danna Ctrl da Shift da P tare, ka rubuta Disable JavaScript ka zaɓe shi, sannan ka sake loda shafin. Idan rubutun ya fito, hotuna sun fito, kuma akwai hanyar zuwa sauran batutuwa, to ka tsira daga mafi yawan matsalar. Idan allon ya tsaya fari, ko wata alama tana ta juyawa ba ta ƙarewa, ƙirar da ka ɗora ba ta dace da masu karatunka ba, komai kyanta. Gyara mafi araha shi ne ka saka jerin batutuwan a ƙasan shafi a matsayin adiresoshi na yau da kullum, sannan ka musanya alamar layuka ukun da hoton SVG ko kuma ka rubuta kalmar Batutuwa a kan maɓallin. Ni a ganina rubuta kalmar ya fi, domin ba kowane mai karatu ne ya san abin da layuka ukun ke nufi ba.

Batun haruffa masu lanƙwasa kuwa, ka ce wasu suna ganin akwatuna wasu suna ganin baƙin alamomi, kuma waɗannan cututtuka biyu ne daban. Idan a wurin ƙ ana ganin Æ™, a wurin ɗ ana ganin É—, to matsalar tsarin lambobin haruffa ce. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99, kuma idan burauza ko rumbun bayanai ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Ka buɗe lambar shafin da Ctrl da U, ka tabbata akwai layin meta charset mai cewa utf-8 can sama a cikin head, domin burauza tana neman sa ne a cikin bayit 1024 na farko. WordPress yana saka wannan da kansa, don haka idan layin yana nan amma alamomin ba su tafi ba, sai ka duba rumbun bayanai ta phpMyAdmin, ka ga ko teburan suna kan utf8mb4 ko kuwa suna kan latin1. Wannan ya fi faruwa bayan an yi ƙaura da shafi daga wani kamfanin ajiya zuwa wani. Kada ka taɓa rumbun kafin ka sauke kwafinsa ka ajiye, domin juya tsarin ba bisa ƙa'ida ba yana iya lalata rubutun ta yadda gyaransa sai da hannu.

Akwatin kuwa yana nufin lambar harafin ta iso lafiya, amma salon haruffan da ake zanawa da shi ba shi da siffar wannan harafin. Akwai kuma wani nau'i na ukun da ya fi yawa a yau, inda harafin ke fitowa amma ya bambanta da 'yan uwansa, ya fi su kauri ko tsawo ko ya karkace, saboda burauza ta aro shi daga wani salon. Dalilin da ya sa wani lokaci ƙ ke fita daidai amma ɗ da ɓ su lalace shi ne, a jadawalin Unicode ba unguwarsu ɗaya ba. Ƙaramin ƙ yana lamba U+0199 a sashen Latin Extended-B, tare da manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a wurin da mu a Najeriya muke rubuta 'y. Amma ƙaramin ɗ yana U+0257, ƙaramin ɓ yana U+0253, dukansu a sashen haruffan nazarin furuci na IPA, sashen da masu zana salon haruffa da yawa suke tsallakewa. Don ka gani da idonka, ka latsa dama a kan wata kalma mai ɗ a Chrome ka zaɓi Inspect, ka shiga Computed ka gangara ƙasa zuwa Rendered Fonts. A nan za ka ga sunan kowane salon da aka yi amfani da shi da adadin haruffan da ya zana, kuma idan ka ga suna biyu a sakin layi ɗaya, ka kama ɓarawon. Kafin ka zaɓi sabon salo a Google Fonts, ka liƙa jimla irin wannan a akwatin gwajinsa: Ɗan Ɓaleri ya ɗauki ƙwarya ya ɓoye a Ƙofar Mata. Idan kuma fayil ɗin salon yana hannunka, shafin Wakamai Fondue zai nuna maka duk haruffan da ke cikinsa. Waɗanda na tabbata suna ɗauke da haruffanmu cikakku su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL. Ka kuma saka lang="ha" a kan alamar html, sannan a adireshin kowane rubutu ka yi amfani da k da d da b marasa lanƙwasa, domin idan ƙ ta shiga adireshi takan koma %C6%99 lokacin da aka kwafe shi zuwa WhatsApp, adireshin ya yi tsawo ya yi muni.

Yanzu sai maki 41 ɗin nan da ya tayar maka da hankali. PageSpeed Insights rahoto biyu yake bayarwa a shafi ɗaya, kuma mutane suna rikita su. Na sama bayanan ainihin baƙi ne da Google ke tattarawa daga masu amfani da Chrome a cikin kwana 28 da suka wuce, kuma idan shafinka bai da baƙi da yawa zai ce babu isassun bayanai. Na ƙasa, mai makin, gwaji ne guda da manhajar Lighthouse ta yi a lokacin, tana kwaikwayon matsakaiciyar waya a kan layi mai gudun megabit 1.6 a daƙiƙa. Maki daga 0 zuwa 49 ja ne, 50 zuwa 89 ruwan lemo, 90 zuwa sama kore. Makin yana canzawa daga gwaji zuwa gwaji, kuma ba shi ne Google ke dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike ba. Abin da ya fi shi muhimmanci ma'aunai uku ne da ake kira Core Web Vitals. Akwai LCP, wato lokacin da abu mafi girma a allon farko ke ɗauka kafin ya bayyana, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. Akwai INP, wanda ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna FID a watan Maris 2024, yana auna jinkirin da ke tsakanin latsawa da amsawar shafi, ana so kada ya wuce milisakan 200. Sai CLS, mai auna yadda abubuwa ke tsalle a allo yayin lodi, ana so kada ya wuce 0.1. A nan ma akwai gibin da ya shafe ka: bayanan ainihin baƙin daga Chrome kaɗai ake ɗaukar su, ban da Opera Mini, ban da masu buɗewa a cikin Facebook ta WebView, ban da Chrome na iPhone. Rahoton zai iya yin kore alhali waɗanda suka yi maka ƙorafi ba a ma ƙirga su ba.

A shafukan rubuce-rubuce irin naka, abin da ya fi jawo nauyi hotuna ne, kuma lissafin a bayyane yake. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora kai tsaye yana iya kai megabayit 4, wato megabit 32, kuma a kan layin megabit 1.6 zai ɗauki daƙiƙa 20 kafin ya sauka shi kaɗai. Idan ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 ka matse shi ya koma kilobayit 150, zai sauka cikin ƙasa da daƙiƙa guda, kuma a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Kayan aikin da na fi so a nan shi ne Squoosh, a squoosh.app, wanda ma'aikatan Chrome suka fitar a 2018. Kana jefa hoton, sai ya raba allon biyu, asali a hagu, matsattse a dama, da wani layi a tsakiya da kake ja don kwatantawa, yana kuma nuna maka girman fayil ɗin yayin da kake rage inganci. Aikin duka a cikin burauzarka yake yinsa, hoton ba ya zuwa sabar kowa, don haka ba ya cin datar ɗorawa. TinyPNG ya fi sauri idan hotunan suna da yawa, amma shi sai ka ɗora masa su. Game da nau'in fayil, WebP ya isa: Safari ya karɓe shi tun 2020, WordPress kuma tun sigar 5.8 ta 2021. AVIF ya fi matsewa, WordPress ya karɓe shi a sigar 6.5 ta 2024, amma tsofaffin burauzoji ba su san shi ba, kuma da irin masu karatunka ba zan yi gaggawar komawa kansa ba. Ka tabbata kowane hoto yana da width da height a lambarsa don burauza ta tanadar masa wuri, wannan kaɗai yana rage tsallen da CLS ke aunawa, sannan kada ka sa wa babban hoton saman rubutu jinkirin lodi, wato saitin da ke hana hoto saukowa sai an gangaro wurinsa, domin shi ne LCP ke jira.

Idan ka gyara hotuna nauyin bai tafi ba, sai ka je WebPageTest, wanda Patrick Meenan ya ƙirƙira. Shi yana zana maka jadawalin duk fayilolin da shafin ya nema ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsawon lokacinsa, tare da jerin hotunan allon daƙiƙa bayan daƙiƙa. A nan ne za ka ga cewa fulogin ɗin maɓallan rabawa, wato ƙarin manhajar da ka ɗora wa WordPress don su, ya jawo fayiloli daga wurare daban-daban, tallace-tallace sun jawo nasu, bidiyon YouTube guda da ka liƙa ya jawo ɗaruruwan kilobayit na JavaScript tun kafin kowa ya latsa shi. Ka dubi layin farko na jadawalin da kyau. Idan sabar tana ɗaukar fiye da daƙiƙa guda kafin ta fara amsawa, matsalar tana wajen kamfanin ajiyarka ko rashin fulogin na kash, mai ajiye kwafin shafi a shirye don a miƙa shi da sauri, irin su WP Super Cache ko LiteSpeed Cache idan sabar ta LiteSpeed ce. Nisa ma yana da tasiri, domin shafin da ke ajiye a Amurka dole kowace buƙata ta ƙetare teku ta dawo, kuma a nan tsarin kyauta na Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin fayilolin shafi kusa da masu karatu, yana taimakawa tunda suna da cibiya a Legas. Ka kula da wurin da kowane kayan gwaji yake gwadawa daga gare shi. GTmetrix, alal misali, ya daɗe yana gwaji daga Arewacin Amurka idan ba ka canza masa ba, kuma sakamakon can ba ya gaya maka abin da mai karatu a Kano ke gani.

Da ka saka kash, wata sabuwar matsala za ta biyo baya: ka yi gyara amma ba ka gani, ko kai ka gani masu karatu ba su gani ba. Ctrl da Shift da R yana tilasta wa burauzarka ɗauko sabo, amma sai ka share na fulogin da na Cloudflare su ma. Haka Facebook yake riƙe tsohon take da tsohon hoton rubutunka, kuma maganinsa shafin Facebook mai suna Sharing Debugger ne, ka liƙa adireshin ka latsa Scrape Again. Hoton da ake so a alamar og:image, wadda ke gaya wa Facebook da WhatsApp hoton da za su nuna tare da adireshin, shi ne mai fiksel 1200 a 630, kuma ka riƙe shi da sauƙin nauyi, domin WhatsApp yakan ƙi nuna hoton da ya yi nauyi.

Akwai wani ƙorafin da ba ka ambata ba amma zai iya zuwa, wato mai karatu ya ce wayarsa tana gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne. Tun Chrome 68 a watan Yulin 2018 ake yi wa duk shafin da ba shi da HTTPS, wato haɗi mai tsaro da ke buƙatar satifiket, wannan tambarin, kuma yawancin kamfanonin ajiya suna ba da satifiket na Let's Encrypt kyauta. Sai dai wayoyin da Android ɗinsu ya gaza 7.1.1 ba su san tushen satifiket ɗin Let's Encrypt ba, kuma dabarar da aka yi amfani da ita don ɗaukar su ta ƙare a 2024. Mai irin wannan wayar zai iya buɗe shafin da sigar Firefox da wayarsa ke iya ɗauka, domin Firefox yana zuwa da jerin tushensa na kansa. Gwajin SSL Labs na kamfanin Qualys yana nuna maka na'urorin da za su iya haɗuwa da sabarka da waɗanda ba za su iya ba. Kafin ka zurfafa bincike dai, ka tambayi mai ƙorafin ko kwanan watan wayarsa daidai yake, domin agogon da ya koma baya yana jawo irin wannan gargaɗin.

Game da iPhone ba zan tsawaita ba. A ƙasashenmu duk burauzar da ke kan iPhone injin WebKit take amfani da shi, ko da sunanta Chrome, don haka gwaji ɗaya a Safari ya wadatar. BrowserStack yana ba da hayar ainihin wayoyi ta intanet, amma na kuɗi ne, kuma ga mai shafi ɗaya aron wayar aboki na minti goma ya fi araha. Ka sani cewa yanayin waya na DevTools, wanda ake buɗewa da Ctrl da Shift da M, girman allo kawai yake kwaikwaya. Ko ka zaɓi iPhone a jerin, injin Chrome ne ke zana shafin.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a wurina shi ne ka samu waya mai araha irin Tecno ko itel ko Infinix, wadda ta ɗan kwana biyu, ka saka mata Opera Mini da Facebook Lite, ka kashe Wi-Fi ka buɗe shafin da datar layinka. Ka gwada shi a tsakar rana a waje, domin rubutu mai ruwan toka a kan fari da ke da kyau a ɗaki ba ya karantuwa a rana. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafuka ga kowa, ta nemi bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma Contrast Checker na WebAIM zai auna maka launukanka. Za ka iya ma haɗa wayar da kwamfuta ka binciki Chrome ɗinta kai tsaye. Ka shiga saitunan wayar, ka nemi Build number a sashen bayanin waya ka latsa shi sau 7, sai Developer options ya bayyana, ka kunna USB debugging, ka haɗa kebul, sannan ka rubuta chrome://inspect a Chrome na kwamfuta. Shafin da ke buɗe a wayar zai fito a jerin, kuma duk kuskuren da JavaScript ke yi a can za ka gan shi da jan rubutu a Console.

Sai gargaɗi kan su kansu kayan aikin. Shafukan da ke gyara tsarin JSON ko matse lamba suna da amfani, amma kada ka taɓa liƙa musu abin da ke ɗauke da kalmar sirri ko mabuɗin API ko abin da ke cikin wp-config.php, fayil ɗin saitunan WordPress, domin ba ka san inda suke ajiye shi ba. Ka guji ƙira da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta bayan an fasa su, domin sau da yawa ana cusa musu lambar da ke karkatar da baƙin waya zuwa shafukan caca, mai shafin kuma yana kan kwamfuta bai sani ba. Jerin kayan aiki da ake yaɗawa a intanet ma suna tsufa: har yanzu za ka ga ana ba da shawarar Mobile-Friendly Test na Google, wanda aka rufe a watan Disambar 2023, da Alexa mai jera shafuka, wanda Amazon ya rufe a watan Mayun 2022.

A halin da kake ciki, ka fara da haruffan, tunda gyaransu na yini ɗaya ne kuma su ne suka fi ɓata wa mai karanta Hausa rai, sannan maɓallin, sannan ka bi rubuce-rubucenka goma da aka fi karantawa ka sake matse hotunansu kafin ka taɓa sauran. Makin Lighthouse zai motsa nan take bayan kowane gyara, amma rahoton ainihin baƙi da ke saman PageSpeed Insights da wanda ke cikin Search Console na Google suna tafiya ne da lissafin kwana 28, don haka sai ka ba su kusan wata guda kafin ka yanke hukunci a kan ko gyaran ya yi aiki.